Wuta ba ƙarfi a gida: sitabilaiza za ka saya, waya za ka gyara, ko layi za ka canza?

Da zarar zafi ya kankama, daga Maris zuwa Mayu, ƙorafin iri ɗaya ne a unguwanni: an kawo wuta amma ba ta da ƙarfi. Fanka tana juyi da ƙyar, firij ya yi gurnani ya yi "ƙwas" ya yi shiru, na'urar sanyaya ɗaki ta ƙi tashi. Yawancin magidanta daga nan kasuwa suke nufa su ɗauko sitabilaiza. Wani ya dace. Wani ya yi asarar kuɗinsa. Wani kuwa, ba tare da ya sani ba, ya ƙara wa wata waya da ke ƙonewa a bangon gidansa nauyi. Dalili shi ne raunin wuta ba wuri ɗaya yake fitowa ba, kuma rauni iri ɗaya kawai sitabilaiza take magancewa. Kafin a zaɓi magani sai an gano inda ƙarfin yake zubewa, kuma gano shi bai fi aikin yini ɗaya ba.

Wutar da ake ba gidaje a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, a Nijar 220. Ma'aunin duniya ya yarda ta sauka ko ta hau da kashi 10 cikin ɗari, wato tsakanin 207 da 253 ga mai 230. Duk abin da ya yi ƙasa da 200 ya fara zama matsala ga kayan da ke da mota, wato ɗan injin nan mai juyawa, a ciki, irin su firij, firiza, famfon burtsatse da na'urar sanyaya ɗaki. Mota idan ba ta samu ƙarfin da take so ba sai ta riƙa jan wuta fiye da ƙima, ta yi zafi, daga ƙarshe koyil ya ƙone. Wannan "ƙwas" da firij ke yi, ɗan makarin da ke jikin kwamfiresa ne yake yankewa saboda ta kasa tashi. Idan ya yi ta maimaitawa dare bayan dare, wata rana ba zai sake haɗawa ba.

A da, ƙwan fitila mai zare shi ne ɗan rahoto: wuta na raguwa zai yi ja, kowa ya gani. Yanzu ƙwayayen LED da cajar waya da talabijin na zamani suna aiki daga wajen bolt 100 har 240, don haka falo zai kasance fes da haske alhali firizar da ke kicin tana shan wahala. Ido ya daina wadatarwa, sai awo.

Tasta, wato sukudireban nan mai ɗan haske, ba ta da amfani a nan; tana nuna akwai wuta ne kawai, ba ta faɗin nawa ce. Abin da ake bukata ƙaramar na'urar awo ce mai nuna lamba, ko dai irin wadda ake sokawa a soket ta zauna, ko multimita irin ta masu gyara. Ga wanda ba sana'arsa ba ce, ta soket ɗin ta fi, don ba sai ka taɓa komai ba, kuma za ka iya barinta kwana biyu kana duba ta asuba, rana da bayan magariba. Mitocin kati da yawa ma suna nuna ƙarfin wutar da ke shigowa idan aka danna wata lamba, sai dai lambar ta bambanta daga wata mita zuwa wata. Abin da ba a yi shi ne buɗe mita ko katawut, wato gidan fis da ke kusa da ita, da hannunka. Ban da haɗarin rai, hatimin kamfani ne a jiki, kuma taɓa shi na iya jawo tara.

Ga yadda awon yake. Nemi soket mafi kusa da mita. Kashe manyan kaya na gidan duka, ka rubuta lambar da ta nuna. Sannan kunna abu mai jan wuta sosai wanda ba shi da mota, kamar butar dafa ruwa mai wat 2000, wadda ke jan kusan amfiya 9, ka sake rubutawa. Maimaita haka a soket mafi nisa, da butar a can. Ka yi sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya tsakanin magariba da isha. Idan akwai maƙwabcin da kuke fes ɗaya, wato layi ɗaya cikin layuka uku masu wuta da ke kan falwaya, a auna nasa a lokaci guda. Lambobin nan su ne za su gaya maka wane irin rauni kake fama da shi.

Idan tun kafin ka kunna komai lambar ta yi ƙasa, a ce 170 da yamma amma 215 da asuba, kuma maƙwabci ma haka, matsalar ba a gidanka take ba. Taransifoma ce ta yi wa unguwa kaɗan, ko layin ya yi tsawo kuma kana ƙarshensa, ko an tara gidaje da yawa a fes ɗaya. Sau da yawa taransifomar da aka kafa wa gida ɗari ita ce yau ke ɗauke da ninkin haka, ga masu walda, ga injin markaɗe, ga masu ƙanƙara da ke cika firizoji da azumi. A nan ne kaɗai sitabilaiza take da hujja.

Idan kuwa lambar tana da kyau gidan na kashe, 225 misali, amma da ka kunna buta ta faɗi zuwa 200, alhali na maƙwabci bai motsa ba, to laifin yana tsakanin falwaya da allon rarraba wutar gidanka. Faɗuwar bolt uku ko biyar ba komai ba ce. Ashirin ko fiye alama ce ta joyin da ya saki, ko wayar sabis, wadda ke saukowa daga falwaya zuwa mita, da ta yi siriri. Akwai dai tarko a nan: idan kunna butarka ya ja lambar maƙwabci ƙasa shi ma, raunin a layin da kuka yi tarayya yake, ba a wayarka ba.

Wannan na biyun shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta, kuma shi ne mai cin gida. A duba yadda ake haɗa wayar sabis a saman falwaya a unguwanni da yawa: a fere bakin waya, a naɗa ta da filaya a kan layi, shi ke nan. Rana ta buga, ƙarfe ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, iskar hunturu ta yi ta kaɗa shi, ruwan damina ya shiga. Inda alminiyam ya haɗu da jan ƙarfe kai tsaye, tsatsa fara-fara take fitowa ta ci mahaɗar. Joyin da ya lalace har tarewar da yake yi wa wuta ta kai rabin om, idan amfiya 20 ta bi ta kansa, bolt 10 za su ɓace a wurin, kuma ba a banza suke ɓacewa ba: zafi ne na wat 200 a wuri ɗan ƙarami da bai fi kan yatsa ba. Shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa yake fara bin hanci da ido kafin ya fito da na'ura. Warin roba mai ƙonewa kusa da mita, katawut da ya yi baƙi ko ya tsage, fis da aka ɗaure da zaren waya ya yi kore, wuƙar canjoba da ta yi launin toka ta daina kamawa da kyau, tartsatsi a saman falwaya da daddare idan iska ta taso. Canjoba ma dai ita ce ta farko da nake zargi a gidan da ake yawan juyawa tsakanin wutar gari da janareta, domin kullum ana bugunta, kuma ba kasafai ake tuna a ƙara ɗaure sukurorinta ba.

To, a irin wannan gida a kawo sitabilaiza. Ita ba ta ƙirƙirar wuta. Tana ɗaga bolt ne ta hanyar jan ƙarin amfiya daga layi. Kayan da ke cin wat 1500 suna jan kusan amfiya 7 a bolt 220. Idan abin da ke shigowa 160 ne, sitabilaiza za ta ja sama da 9 don ta ba su abin da suke so. Wannan ƙarin ta cikin ruɓaɓɓen joyin ɗin zai bi, kuma zafin joyin yana ƙaruwa ne ninki-ba-ninki: amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Mai gida zai ga 220 a fuskar na'urarsa ya ji daɗi, a waje kuwa waya tana dahuwa. Maganin gaskiya a nan shi ne mafi araha cikin duka: a sa ma'aikatan kamfanin rarraba wuta su sake haɗin falwaya da maɗauri na ƙwarai, a canza katawut ko canjoba da ta ƙone, in wayar sabis ta yi siriri ko an yi ta ƙulla guntaye a sa sabuwa guda ɗaya mai kauri 16, a lambar kaurin da ake rubutawa a jikin waya. Hawa falwaya ba aikin yaron unguwa ba ne, ko da ya saba.

Iri na uku: kusa da mita lafiya lau ko da an kunna kaya, amma a ɗakin baya ko shagon ƙofar gida wutar ta zube. Wayarin ɗin cikin gida ne. A nan lissafi yana da sauƙi. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5 tana zubar da kusan bolt 0.029 a kowace amfiya a kowace mita ta tsawo; mai 2.5 kusan 0.018, mai 4 kusan 0.011. A ce an ja wuta zuwa ɗakin da ke nesa da tsawon mita 40, aka sa hita mai wat 3000, wato amfiya 13. Da waya 1.5 za a rasa bolt 15, da 2.5 kusan 9, da 4 ƙasa da 6. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda masu aikin wuta a Najeriya suka gada, ta ce kada faɗuwar ta wuce kashi 3 cikin ɗari a layin fitilu da kashi 5 a sauran, wato bolt 11.5 ga soket. Ka ga 1.5 ta faɗi jarrabawa tun a takarda. Kuma wannan idan wayar ta gaskiya ce. Kasuwa cike take da wadda aka rubuta 2.5 a jikinta amma cikinta bai kai ba, da wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. A kankare silin da wuƙa: in fari ya bayyana a ƙarƙashi, an gane ta. Alminiyam yana tare wuta fiye da jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin ɗari, don haka duk lissafin can sama sai ya ƙara muni. Maganin shi ne a ja wa kaya masu nauyi layinsu na kansu daga allon rarrabawa da waya mai kauri. Kuɗin ya dogara da nisa, amma aiki ne na sau ɗaya, ba ya cin wuta, ba ya lalacewa.

Na huɗu ba ya jiran shawara. Idan ka kunna dutsen guga sai fitilar wani ɗaki ta ƙara haske maimakon ta rage, ko lambar awo tana tsalle daga 150 zuwa 270, ko a gidanka wuta ta yi rauni a na maƙwabci ƙwayaye suna fashewa, to nutural ne, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya saki ko ya tsinke, a taransifoma, a kan layi, ko a allon gida mai fes uku. Tsakanin fes da fes akwai bolt 400 zuwa 415, kuma nutural ne ke riƙe kowane gida a kan 230 ɗinsa. In ya tafi, gidan da ke da ƙarancin kaya a kunne shi ne zai sha mafi yawan wannan ƙarfi. A kashe babban makunni nan take, a sanar da kamfani. Ba a gwada sitabilaiza a kan wannan.

Mu koma ga na farko, inda raunin daga waje yake, domin a nan ne zaɓi yake da rassa.

Sitabilaiza iri biyu ce a kasuwa. Mai rile, wadda ake jin tana "tak, tak", tana tsallakawa ne daga mataki zuwa mataki, don haka abin da take fitarwa yana iya kaucewa 220 da bolt goma sha ko ashirin. Tana da araha, tana da sauri, kuma ta ishi firij, firiza ko na'urar sanyaya ɗaki guda. Mai sabo, wato "servo" a Turance, tana da ƙaramar mota da ke zagaya gawayi a kan koyil, tana riƙe wuta daf da 220. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, ta fi dacewa da gida gaba ɗaya ko kayan asibiti da na ɗab'i, amma tana da abin da ke gogewa a ciki, ƙura tana damunta, kuma idan wuta na yawan tsalle ba ta cim mata da sauri. A ganina gida mai matsakaicin kaya ya fi cin riba da ƙananan masu rile biyu ko uku a kan kayan da ke da mota, maimakon babba guda a bakin mita. In ɗaya ta mutu ba duk gidan ne zai shiga duhu ba, kuma fitilu da caja dama ba sa bukatarta.

Abin da mai shago ba zai faɗa maka ba shi ne lambar da ke jikin kwali ta lokacin da wuta ke da ƙarfi ce. Mai 5000VA an yi ta ne ta ɗauki kusan amfiya 23. Idan abin da ke shigowa ya sauka zuwa 140, amfiya 23 ɗin nan ba za ta ba ka fiye da wajen 3200 ba. Saboda haka a sayi wadda ta ninka nauyin kayan, a kuma duba mafi ƙarancin bolt da take karɓa, a gwada shi da lambar da ka rubuta bayan magariba. Wanda wutarsa ke sauka zuwa 120 ya sayi mai farawa daga 140, ya sayi akwatin ado. A ɗaga ta a ji nauyi kuma. Mai koyil na jan ƙarfe ba ta da sauƙin ɗauka. Maɓallin jinkiri da ke jikinta, a bar shi a kan minti uku idan firij ne, don matsin gas da ke cikin kwamfiresa ya daidaita kafin ta sake tashi.

Akwai kuma abin da ba a cika so a ji ba. Mai sitabilaiza kamar mai dogon guga ne a rijiyar da ruwanta ya ja baya: shi zai samu, amma rijiyar ƙara ƙasa take yi. Kowane gida da ya sa, ƙarin amfiya yake ja daga taransifomar da dama ta gaji, sai wutar layin ta ƙara sauka, sai na kusa shi ma ya je ya sayo. Unguwar da kowa ke da ita ita ce unguwar da fis ɗin taransifoma ke yawan tashi.

Canza fes ya fi sitabilaiza idan awo ya nuna bambanci mai yawa tsakanin layukan uku, ja, ruwan ɗorawa da shuɗi. Ba abin mamaki ba ne a tarar da ɗaya a 165 wani a 220 a falwaya guda. Mayar da gida kan wanda ba shi da cunkoso ba ya bukatar sayen komai, kuma yana taimakon taransifomar kanta. Rauninsa shi ne ba ya ɗorewa: labari na bazuwa kowa zai koma can, bayan wata biyu a dawo gidan jiya. Masu hali suna jawo fes uku su sa abin zaɓa, na hannu ko mai canzawa da kansa. Yana aiki, amma sai da mitar da ta dace da sanin kamfani, kuma yana kawo bolt 415 cikin allon gidanka, wanda ke nufin aikin ba na kowane mai filaya ba ne. Idan duka ukun sun yi ƙasa, wannan hanya ba ta da abin da za ta ba ka.

Inbata da sola su ne mafi tsada, kuma mutane suna ɗauka sun rufe maganar. Ba koyaushe ba. Inbatoci da yawa suna da saiti biyu na karɓar wutar gari: mai faɗi, daga wajen bolt 90, da mai tsauri, daga wajen 170. A mai faɗi, na'urar tana miƙa wa gida raunanniyar wutar yadda ta zo, ba ta gyara ta ba. A mai tsauri, tana ƙin karɓa ta koma kan batir, wato kana cin batir alhali unguwa da wuta, kuma ba ya caji daga layi. Wanda ke da faranti isassu a rufi bai damu ba, rana za ta cika masa. Wanda ya dogara da wutar gari don caji, sau da yawa sai ya ƙara da sitabilaiza a gaban inbatar. Idan matsalarka rauni ne kawai ba ɗaukewa ba, wannan hanya ta yi tsada da yawa a kan abin da za ta magance.

Gyara na asali yana wurin taransifoma: a daidaita nauyi a kan fes uku, a ƙara kaurin layi, a ɗaga saitin taransifomar, wanda yawanci ke ba da ƙarin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, ko a kawo ta biyu a raba unguwar. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, wannan nauyi yana kan kamfanin yankin ne, KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, da sauransu. Hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta sha nanata cewa sayen taransifoma, falwaya da wayar layi ba aikin masu amfani da wuta ba ne, duk da kowa ya san yadda karo-karo ya zama al'ada. Ƙorafi a rubuce ake kai wa ofishin kamfani, in ba a ga gyara ba a ɗaukaka zuwa zauren sauraron ƙorafi na hukumar. Takardar da gida ashirin suka sa wa hannu, ɗauke da lambobin awo da ranaku da lokuta, ta fi "wutarmu ba ƙarfi" nauyi a teburin injiniya. Hanya ce mai jinkiri, shi ya sa ake haɗa ta da ɗaya daga cikin na sama, ba a zauna jiranta kaɗai ba.

Abu ɗaya da zan ce kowane gida ya sa, ko wane iri ne matsalarsa, shi ne ɗan makarin nan mai nuna lamba da ake ɗaurawa a allon rarraba wuta, wanda ke yanke gidan idan wuta ta haura ko ta sauka fiye da iyakar da aka saita masa, ya jira ta daidaita ya mayar. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, kuma a unguwa mai rauni zai riƙa yanke maka wuta da yamma har ka ji haushinsa idan ka saita ƙasan da tsauri. Amma kuɗinsa bai kama ƙafar na kwamfiresa ɗaya ba, kuma shi ne ke tsayawa tsakanin kayanka da tsinkewar nutural da tsakar dare.

Ɗan haya lissafinsa daban ne. Ba zai fasa bango ya sake wayarin a gidan wani ba, ba kuma zai jawo fes uku ba. Abin da ya rage masa shi ne ƙaramar sitabilaiza da zai iya tafiya da ita, da makari na soket a kan firij. Amma idan awonsa ya nuna iri na biyu, ko ya ji ɗumi a jikin murfin canjoba, ko warin roba kusa da mita, ya rage kaya masu nauyi a ranar, ya kira mai gidan ya nuna masa lambobin biyu, ta kafin kunna buta da ta bayanta.